Yadda Matashin Matafiyi Zai Zaɓi Unguwar Sauka a Legas

Ruwa ne ya raba Legas gida biyu, kuma daga nan lissafin masauki yake farawa. A kudu akwai Tsibirin Legas, wato ainihin Ikko, da Ikoyi da Victoria Island, sai zirin Lekki da ya miƙe gabas, tafki a bayansa, tekun Atlantika a gabansa. A arewa da yamma kuma akwai ɓangaren tudu, inda mafi yawan jama'ar garin suke kwana: Yaba, Surulere, Mushin, Oshodi, Ikeja, Agege da sauransu. Manyan gadoji uku ne suka haɗa ɓangarorin biyu, gadar Carter da gadar Eko da gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990. Da sassafe jama'a kan kwararo daga tudu zuwa tsibiri, da yamma su juya. Baƙon da ya sauka a gefen da bai dace da harkarsa ba, rabin kwanakinsa a kan gada zai ƙare su.

Mataki na farko: a tantance abin da ya kawo mutum

Kafin a buɗe wayar neman otal, matafiyi ya zauna ya rubuta wurare uku ko huɗu da ba makawa sai ya je su. Unguwar da za a sauka daga cikin wannan jerin take fitowa.

Wanda ya zo sarin wayoyi da kayan kwamfuta, kasuwarsa tana Ikeja, don haka Ikeja ko Agege ko Ogba ne wurinsa. Mai sarin yadi da atamfa da takalma a Balogun da Idumota yana buƙatar ya kwana kusa da tsibiri, amma ba lallai a cikinsa ba. Yaba da Ebute Metta da Surulere gada ɗaya ce tsakaninsu da kasuwar. Kayan gyaran mota suna Ladipo a Mushin. Kayan wuta da na lantarki suna babbar kasuwar Alaba da ke Ojo, can kan hanyar Badagry, kuma wanda ya nufi can ya kwana a Lekki ya ɗaura wa kansa tafiyar keta gari daga gabas zuwa yamma kullum. Ɗalibin da ya zo jarrabawa ko taro a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, ba shi da dalilin wuce Yaba. Mai ganawar neman biza, yawancin ofisoshin jakadanci suna Victoria Island da Ikoyi, kuma da sassafe ake kiran mutane, saboda haka kwana ɗaya a wannan gefen ya cancanci tsadarsa. Wanda kuwa jirgi zai hau da asuba daga filin jirgin Murtala Muhammed, daren ƙarshe a Ikeja ya kamata ya yi shi, ko ina ya kwana a sauran kwanakin.

Idan wuraren sun warwatsu a gefe biyu, a raba zaman gida biyu. Kwana uku a tudu, kwana biyu a tsibiri ya fi kwana biyar ana tsallaka gada safe da yamma.

Mataki na biyu: a auna nisa da agogo

A Legas kilomita ba ta gaya wa mutum komai. Tafiyar da ake yi cikin minti ashirin ranar Lahadi da safe tana iya cin awa biyu ranar Litinin. Don haka idan an sami unguwar da ake tunani, a buɗe taswirar waya a daidai lokacin da za a riƙa fita, misali ƙarfe bakwai na safe da biyar na yamma a ranar aiki, a ga minti nawa take nunawa. Duba taswira da tsakar dare yaudarar kai ne.

Dabara mafi sauƙi ita ce a saɓa wa taron jama'a. Wanda ya kwana a tsibiri yana fita tudu da safe zai tarar da hannunsa a buɗe, yana kallon ɗaya hannun a cushe. Matsalar ita ce kwanan tsibiri ya fi tsada, shi ya sa yawancin matasa sukan nemi wata mafita, wato sauka kusa da tashar jirgin ƙasa ko ta dogayen bas na gwamnati.

Layin jirgi mai launin shuɗi ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023, daga Marina zuwa Mile 2. Layin ja ya biyo baya a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Dogayen bas masu layinsu daban, waɗanda suka fara aiki a 2008, suna bin titin Ikorodu har cikin tsibiri, wani layin kuma daga Oshodi zuwa Abule Egba. Duka da katin Cowry ake biya, kuma sayensa ranar farko yana rage wahala. A lura da wani tarko: a layin shuɗi akwai tashar da ake kira Alaba, amma ba ita ce babbar kasuwar Alaba ta Ojo ba, akwai sauran tafiya mai nisa tsakaninsu. Haka kuma a duba jadawalin jirgi kafin a dogara da shi, domin ba kowane lokaci yake tashi ba.

Matashin da ya saba da haye acaɓa ya kuɓuce wa cunkoso ya san cewa tun 2022 gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa, inda Victoria Island da Lekki suke. Ana iya ganin masu yi a ɓoye, amma dokar ta shafi direba da fasinja. Abin da ya rage shi ne danfo, ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa, da Keke a cikin unguwanni, da tasin da ake kira ta waya. Akwai kuma jiragen ruwa daga Ikorodu da Apapa da Badore zuwa tsibiri. Duk wanda zai hau ya tabbata an ba shi rigar kariya.

Lekki tana da nata halin. Babban titi guda ne ya ratsa ta zuwa Ajah da Epe, kuma idan ya toshe kowa ya toshe. Ɗakin da aka tallata da sunan Lekki yana iya kasancewa a farkon zirin, dab da Victoria Island, yana kuma iya kasancewa bayan Ajah. A tambayi sunan tashar motar da ta fi kusa da gidan, ba sunan unguwa kawai ba.

Mataki na uku: a haɗa kuɗin kwana da kuɗin zirga-zirga

Araha ba ta ado. Ɗaki mai sauƙin kuɗi a bayan gari, idan aka ɗora masa kuɗin tasi zuwa da dawowa, sau da yawa yakan zarce ɗakin da ke kusa da inda ake harka. Lissafin da ya dace shi ne kuɗin kwana da na mota da na abinci a haɗe, na yini guda. Abinci ma yana bin unguwa: a Yaba ko Surulere mutum zai ci ya ƙoshi a bakin titi da kuɗin da ba zai saya masa ruwan roba da nama tsinke biyu ba a wasu wuraren cin abinci na Victoria Island.

Abokai uku ko huɗu sukan fi samun sauƙi idan suka haɗa kuɗi suka kama gidan haya na 'yan kwanaki mai kicin, amma irin waɗannan gidaje sukan nemi kuɗin ajiya da za a mayar in ba a lalata komai ba. A tambayi nawa ne, a kuma sa a rubuta. Watan Disamba kuwa, lokacin da 'yan ƙasar waje ke dawowa hutu ana ta bukukuwa, farashin tsibiri da Lekki yakan tashi sosai, kuma sai an kama wuri da wuri.

Mataki na huɗu: a binciki ruwa da wuta

Nan ne baƙon da ya taso a Arewa ya fi yin kuskure, domin bai saba da garin da ƙasarsa ke kusan daidai da teku ba. Damina a Legas tana farawa tun wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Wurare da yawa a Lekki da Ajah da Victoria Island fadama ce aka cike da yashi aka yi gini, kuma ruwan awa biyu ya isa ya mayar da titi rafi. Unguwannin masu kuɗi ne, amma ruwa ba ruwansa da wannan.

Gida yakan tona asirin kansa ga mai lura. A dubi katangar waje: idan akwai wani layi mai duhu da ya zagaye ta a daidai gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, to nan ruwa yake kaiwa. A dubi bakin ƙofa, ko an ɗaga dokinta da bulo biyu ko uku, ko an jera buhunan yashi a gefe. A leƙa kwata a ga ko tana gudu ko ta tsaya cike da robobi. Inda aka ga duk shagunan layi sun ɗora firjinsu a kan benci, ba sai an tambayi kowa ba. Da damina ɗakin bene ya fi na ƙasa, kuma gidan sauro ko maganinsa ba abin mantawa ba ne a kowane lokaci na shekara.

Sai ruwan wanka. Galibin gidaje da rijiyar burtsatse suke amfani, kuma a yankunan da ke kusa da teku ruwan yakan fito da gishiri-gishiri, ko ja-ja mai warin ƙarfe, sai an tace shi. A buɗe famfon banɗaki a bar shi ya zuba minti ɗaya, a dubi launinsa a farin bokiti, a dubi ko tangaran ɗin ya yi jan tabo. Farar shadda ba ta jure wanki biyu a irin wannan ruwa.

Wutar lantarki kuma an kasa ta rukuni-rukuni. Layukan da ke rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a yini, kuma su aka ƙara wa kuɗi sosai a watan Afrilu na 2024. Sauran rukunan awanninsu na raguwa har zuwa huɗu. Tambayar da za a yi wa mai masauki ba "akwai wuta?" ba ce, domin kowa zai ce akwai. A tambaye shi ƙarfe nawa ake tayar da janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, ko akwai sola, kuma ko na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a kansu. Zafin Legas bai kai na Sakkwato ba, amma gumi ne da shi, kuma ɗakin da fanka ta tsaya da ƙarfe biyun dare ba ya kwanuwa.

Mataki na biyar: abinci, masallaci da 'yan gida

Hausawa sun daɗe a Legas, kuma akwai unguwannin da baƙo daga Kano ko Maraɗi zai ji kamar bai bar gida ba: Agege, Idi-Araba kusa da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, Obalende a bakin Ikoyi, da Mile 12 inda motocin tumatir da albasa ke sauke kaya. A waɗannan wurare akwai sarakunan Hausawa, akwai mai shayi da mai tsire, tuwo da miyar kuka ba sa wuya, masallaci kuma a kowane lungu. Ga wanda zuwansa na farko ke nan, musamman in bai iya Turancin buroka ba, samun wanda zai ce masa "ɗan'uwa, wannan motar za ka hau" ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai unguwannin nan cike suke maƙil, ɗakunan kwana masu kyau ba su da yawa, hayaniya kuma ba ta ƙarewa. Mafita ta tsaka-tsaki ita ce a kwana a maƙwabtansu: Ikeja ko Ogba ga mai son Agege, Surulere ga mai son Idi-Araba. Budurwar da ta zo ita kaɗai ko da ƙawayenta ta fi samun natsuwa a otal mai maigadi da teburin karɓar baƙi, a layin da ke da ƙofa, ko da za a ƙara kuɗi kaɗan. A tambaya tun da wuri ko otal ɗin yana da mashaya ko gidan rawa a ƙasa, domin a Legas kiɗan daren Juma'a da Asabar yakan kai asuba.

Mataki na shida: a gani da ido kafin a biya duka

Hoton intanet ba ya nuna layi, ba ya nuna wari. Kada a tura kuɗin mako guda ga wanda aka haɗu da shi a Instagram ko WhatsApp. Damfarar gidajen haya sananniyar sana'a ce a garin. A biya kwana ɗaya ko biyu ta hanyar da ke ba da rasit, in wuri ya yi a ƙara. Kafin a taso a nemi mai gidan ya kira ta bidiyo, ya fita da wayar har bakin titi.

Da an isa, a zaga layin sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i. A ga ko akwai fitilu, ko masu shaguna suna nan, ko mata da yara na wucewa hankali kwance. Layuka da yawa suna rufe ƙofa da dare, a san ƙarfe nawa ne. A guji ɗakin da sai an bi ta ƙarƙashin gada ko tsakiyar tashar mota kafin a kai gare shi, kuma da dare a hau mota a tasha, kada a tare wadda ba a sani ba a bakin hanya.

Ga wanda teku ya kawo shi

Wasu matasan ba sari ba jarrabawa, teku kawai suka zo gani. Ko su ba dole ne su kwana a bakinsa ba. Tsohon bakin ruwan Bar Beach ya tafi, an cike wurin ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, yawancin wuraren bakin ruwan Lekki kuma sai an biya kuɗin shiga. Bakin ruwan Tarkwa Bay da jirgin ruwa ake zuwa daga tsibiri, don haka wanda ke Yaba ma yini guda ya ishe shi ya je ya dawo. Farkon Lekki ya dace da mai son ya haɗa bakin ruwa da gandun dajin Lekki mai gadar igiya ta mita 401. Onikan da Marina kuma sun fi kusa da gidan tarihi na ƙasa da babban masallacin Legas. Igiyar ruwan Atlantika a wannan gaɓa tana ja da ƙarfi ta ƙasa, kuma iyon kududdufi ko na dam ba ya aiki a cikinta. Wanda bai saba ba ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ya kuma kama jirgin dawowa daga Tarkwa Bay tun rana ba ta faɗi ba.