Yadda Ake Gwada Idon Tauraron Ɗan Adam da Hasken Leza

A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, launukan bakan gizo suka fito. Da ya ajiye ma'aunin zafi a bayan ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ma'aunin ya hau. Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira infirared, kuma kowane abu yana fitar da shi gwargwadon ɗuminsa, daga garwashi har girgije.

Da shi ne taurarin ɗan Adam na Meteosat, waɗanda aka fara harbawa a 1977, suke auna sanyin saman hadari dare da rana daga nisan wajen kilomita 36,000. Hadarin da ya yi tsawo samansa ya fi sanyi, shi ne kuwa mai ruwa. Masu duban yanayi a Afirka ta Yamma suna dogara da wannan awo ƙwarai.

Idon irin waɗannan taurari ɗan falle ne na haɗin zaiba da kadmiyam da teluriyam, wanda masana a Ingila suka bayyana a 1959. Haɗin yana da wuyar sha'ani, domin zaiba ba ta cika zama inda aka sa ta ba, kuma ɗan aibin da bai kai ƙura ba ya isa ya makantar da sashe guda. Tauraron kuwa in ya tashi, babu makanikin da zai bi shi can.

Saboda haka ake gwada fallen tun a ƙasa. Sai a liƙa waya biyu a gefunansa, sau da yawa a sanyaya shi da ruwan naitirojin, wato digiri 196 ƙasa da sifiri. Daga nan a tattara hasken leza ya zama ɗigon da bai kai kaurin gashi ba, a bi da shi layi-layi kamar mai yin kunya a gona. Duk inda ɗigon ya taɓa mahaɗar da aka gina don kama haske, sai ɗan lantarki ya gudana cikin wayoyin. Inda mahaɗar ta lalace sai ya raunana, inda kuma wani aibi ya ɓuya sai ya bayyana a wurin da ba a zata ba. Kwamfuta tana rubuta awon kowane ɗigo, ta zana taswirar fallen.

Babban amfanin dabarar shi ne ba a yanka fallen, ba a kuma sa wa kowace mahaɗa tata wayar, alhali falle guda yana iya ɗaukar dubbai. Wanda taswirarsa ta nuna aibi sai a ware shi kafin a kashe kuɗin haɗa shi da sauran na'urar.