Darasin tarihi: Ɗan Kasawa, sarkin da ya iya jira

Mutanen Baudeta da Tasawa da Mayahi sun san ana ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina. To, me ya kawo sarautar Katsina a ƙasar Nijar? Ga labarin.

A shekarar 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi. A 1807 mutanensa suka ci birnin Katsina. Sarkin Katsina Magajin Haladu ya gudu arewa zuwa Ɗankama. Can aka sake cin su da yaƙi, can kuma ya mutu. Sauran jama'a suka naɗa Ɗan Kasawa sarki.

Sabon sarki ba shi da gari, ba shi da dawaki da yawa. Da ya koma yaƙi nan take, da mutanensa sun ƙare. Sai ya yi gabas da su zuwa Damagaram. Daga baya ya zauna a Gafai, kusa da iyakar Damagaram. Ya yi shekaru yana jira. Haƙuri maganin zaman duniya.

A lokacin nan ƙasar Maraɗi tana hannun sabbin masu mulkin Katsina. Wakilinsu sunansa Mani. Manoma da maharba na kwarin Maraɗi ba su ji daɗin mulkinsa ba. Wajen 1819 suka tashi, suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Da ya zo, bai yi mulki shi kaɗai ba. Ya tsayar da manyan sarautun Katsina: Galadima, Ƙaura, Durɓi da Ƴanɗaka. Su ne masu ba sarki shawara, su ne masu zaɓen sabon sarki. Shi ya sa sarautar ba ta mutu da mutuwarsa ba.

Zaman bai zama na lafiya kullum ba. Rauda, wanda ya gaje shi, ya mutu a yaƙin Gawakuke a 1836. Yaƙe-yaƙe sun tashi garuruwa, an kama bayi, talakawa sun sha wahala. Amma ƙasar ta tsaya. A 1851 wani matafiyi Bajamushe, Barth, ya sauka a Tasawa. Ya tarar da babban gari mai kasuwa, a ƙarƙashin sarkin Maraɗi.

Kowane gari yana da nasa tarihi, amma yawancinsa a bakin tsofaffi yake. In tsoho ya rasu ba a rubuta ba, labarin ya tafi da shi. Wanda ya koyi rubutu zai iya tsare shi.

Tambayoyi
1. Me ya hana Ɗan Kasawa komawa yaƙi nan take?
2. Su wa suka kira shi Maraɗi?
3. Ku tambayi tsofaffi: wa ya sari garinku? Daga ina ya zo? Wa ya gina rijiyar farko? Ku rubuta amsa, ku kawo wa malami.