Kunnen Ƙashi Ko Ciwon Kunne?

'Yan uwana ɗalibai, a darasin ilimin furuci an koya mana gaɓoɓin da ke samar da sauti: harshe, hanƙa, ganɗa, beli, maƙogwaro da kogon hanci. Amma ba kasafai muke tsayawa a kan kunne ba, alhali ta nan harshe yake shiga mutum. Ni da ba da Hausa na buɗe baki ba, da kunne na tsince ta a unguwarmu ta Yelwa a Jalingo, tun kafin na san akwai wani abu wai shi karin sauti.

Abin da ya ja hankalina shi ne ƙanena. Yana ɗan shekara huɗu, sai a kira shi sau uku bai waiwayo ba. Kowa a gida ya ce kunnen ƙashi gare shi, har yakan sha bulala a kan haka. Kunnensa na dama kuwa ya daɗe yana zubar da mugunya, ana sayo maganin ɗigawa a wani kemis, in ya ƙare a sa man zaitun. Sai da aka kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya ce dodon kunnen ya huje. Ashe yaron ba ƙin ji yake yi ba, ba ya ji ne.

A nan ya kamata ɗalibin harshe ya lura. Kalmar "ji" a Hausa tana ɗauke da sauraro, da fahimta, da kuma biyayya. In aka ce "yaron nan ba ya ji", galibi ma'ana ta uku ce take fara zuwa zuciya. Haka "taurin kunne" da "kunnen ƙashi": duk sunan kunne suka ara, amma hali suke nufi. A ganina wannan aron yana ɓoye mana cuta, domin mun riga mun yanke wa yaro hukunci da bakinmu kafin likita ya gan shi.

Me ya sa likita ɗaya yake duba gaɓoɓin nan uku? Domin a haɗe suke. Akwai wata siririyar hanya da ta taso daga tsakiyar kunne zuwa bayan hanci. A jikin yara gajeriya ce kuma a kwance take, shi ya sa mura takan haura kunne cikin sauƙi, ruwa ya taru a bayan dodon kunne. Yaron da ke cikin wannan hali yana jin magana kamar daga cikin randa, sautuka marasa ƙarfi irin su /s/ da /f/ su riƙa kuɓuce masa, a daidai shekarun da yake gina harshensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a wurin yara ana iya hana shi. A Nijeriya ma an kafa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999.

Sai kuma beli, wanda wasu ke kira hakin wuya. A ƙasar Hausa wanzami yakan cire wa jariri shi a makon haihuwa, ko daga baya in yaro yana yawan tari da ciwon wuya. Likitoci ba su yarda da haka ba, saboda zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ga shi kuma sau da yawa ba belin ne ya kumbura ba, 'yan tsokar da ke gefensa biyu ne.

Da na raka ƙanena asibiti, na ga wata tsohuwa tana ta cewa jikanta "hakin wuya ne ya sauko masa", matashin likitan kuma bai gane ba. Ni na shiga tsakani na yi musu tafinta. Tun daga ranar nake tara irin waɗannan kalmomi a littafina, haɓo, minshari, dauɗar kunne, ina tambayar masu Fulatanci da Mumuye yadda suke kiransu.