Darasi: Shirin Hawan Dutse a Dajin Yankari

Yankari daji ne da aka keɓe domin namun daji. Yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauci, kuma faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauci a 2006.

Yawancin masu zuwa, abu biyu ke kai su: wanka a ruwan ɗumi na Wikki, da kallon giwaye da ɓauna da gwanki daga cikin mota. Amma a dajin akwai duwatsu. Akwai dutsen Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai, inda mutum zai tsaya ya hangi daji ta kowace fuska. Akwai kuma dutsen Kariyo, kusa da ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse. Idan ajinku ko ƙungiyarku ta manoma za ta kai ziyara, ga yadda za ku shirya hawan yini ɗaya.

Abu na farko, ba a shiga wannan daji da ƙafa sai da ɗan jagora daga ma'aikatan wurin. Wannan ba dajin bayan gari ba ne. Giwa mai ɗa ba ta son a kusance ta, ɓauna kuwa ba ta gargaɗi. Idan kun sauka a masaukin Wikki, ku nemi ma'aikata tun da yamma. Ku tambaye su wane dutse ake hawa a wannan lokaci, ina mota za ta tsaya, kuma kilomita nawa ne daga nan zuwa kan dutsen. Ku rubuta amsar a takarda.

To, a nan ne lissafin da kuka koya zai yi muku rana. Lafiyayyen mutum yakan yi tafiyar kilomita 4 a awa ɗaya a kan hanya mai kyau. A kan dutse, ga tsakuwa ga ciyawa, ku ɗauka kilomita 2 ne kawai. Mu ce ɗan jagora ya ce kilomita 3 ne zuwa sama. Zuwa da dawowa kilomita 6 ke nan, wato awa 3. Ku ƙara awa 1 ta hutu da kallo. Jimla awa 4. Wanda ya fara da ƙarfe 6:30 na safe zai dawo da ƙarfe 10:30, kafin rana ta yi zafi. Wanda ya tsaya hira har ƙarfe 10 zai sauko da azahar, rana tana dukan tsakiyar kansa.

Wani zai ce: ni da nake zuwa gona kullum da ƙafa, wannan ɗan dutse ne zai gagare ni? Gaskiya ne manomi ya saba da tafiya. Amma ba da saurin mai ƙarfi ake auna tafiyar jama'a ba, da na wanda ya fi kowa rauni ake aunawa. Idan akwai dattijo ko yaro a cikinku, shi za ku sa a gaba, bayan ɗan jagora. Kuma tun a ƙasa ku tsai da lokacin juyowa. Idan lokacin ya yi, ku juyo, ko kun kai sama ko ba ku kai ba.

Wane wata ya fi? Da damina ciyawa tana rufe hanya, ƙasa tana santsi. A Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗin tafiya, sai dai hazo yakan tare gani, a hau dutse a kasa hango komai. Maris da Afrilu sun fi kyau wajen ganin namun daji, domin suna taruwa a bakin kogin Gaji, amma zafi yakan haura digiri 40. A ganinmu, mai son hange daga kan dutse ya nufi Nuwamba.

Kowa ya ɗauki ruwansa, kamar lita 3. Kada a ce mutum ɗaya zai ɗauki jarka, domin yana iya zama a baya. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta zo. Ku tafi da sukari da gishiri. Idan wani ya galabaita, ku kai shi inuwa, ku jiƙa jikinsa, ku dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a ruwa lita 1. Guzuri kuwa, dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun isa. Ku ɓoye shi a jaka, domin birai na Wikki sun ƙware da fizge abinci.

Silifas ba takalmin dutse ba ne. A sa sau-ciki mai kama ƙasa, da dogon wando, da malafa. Ƙudan tsando yana bin tufa baƙa da shuɗiya, saboda haka a sa mai launin ƙasa. A riƙe sanda. Kada a zura hannu a tsagar dutse, nan maciji da kunama ke fakewa. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa mota, a garzaya asibiti.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida, tsakuwa tana zamewa. Ku taka a hankali, ku ba juna tazara, domin dutsen da na sama ya ture kada ya sami na ƙasa.

Aikin aji: ɗan jagora ya ce kilomita 4 ne daga mota zuwa kan dutse. Awa nawa za ku yi, zuwa da dawowa, har da hutun awa 1? Idan kuna son dawowa da ƙarfe 11 na safe, da ƙarfe nawa za ku fara? Ku rubuta amsa, ku nuna wa malaminku.