SAƘAR ƘULLI: YADDA AKE ƘULLA GICCIYEN WUYA DA ZARE

Wannan darasi an shirya shi ne domin hakimai da malamansu, su san wata ƙaramar sana'a wadda ba ta bukatar masaƙa, ko inji, ko jari mai yawa, sai zare da yatsu da haƙuri. Turawa suna kiranta makarame, amma a nan za a kira ta saƙar ƙulli, domin ba a sa ƙoshiya a cikinta, ƙulli ne kurum ake jerawa bisa ƙulli har abu ya yi siffa. Abin da aka zaɓa a yi misali da shi shi ne ɗan ƙaramin gicciye irin wanda Kirista suke ratayawa a wuya. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, ƙulli iri ɗaya tak ya isa a gama shi, wanda kuma ya iya wannan ƙulli ya iya tushen sauran aikin.

Asalin Sana'ar

Masana da yawa suna ganin kalmar makarame daga Larabci ta fito, daga sunan wani mayafi mai geza. Masaƙan Larabawa na ƙarni na 13 sukan ƙuƙƙulla ragowar zaren da ke bakin mayafi don kada saƙa ta warware, sannu a hankali ƙullin nan ya zama ado. Musulmin Andalus suka kai sana'ar ƙasar Sifen, daga can ta shiga Italiya, ta kuma kai Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 17. Waɗanda suka fi yaɗa ta cikin duniya su ne ma'aikatan jiragen ruwa, domin sukan yi wata da watanni bisa teku, igiya kuwa ba ta yanke musu, sai su riƙa ƙulla ɗamara da jakunkuna suna sayarwa a duk tashar da suka tsaya. A 1944 wani Ba'amurke, Clifford Ashley, ya buga littafi wanda ya tattara ƙulle-ƙulle fiye da 3,800 da zanensu. Daga 1970 zuwa 1979 sana'ar ta sāke yin tashe ƙwarai a Amurka da Turai.

Rataya gicciye da igiya daɗaɗɗen abu ne a Afirka. Addinin Kirista ya kafu a Habasha tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum, har yau kuwa in an yi wa jaririnsu baftisma akan ɗaura masa wata igiya a wuya wadda suke kira mateb, bisa ita ake rataya gicciye. A Jamhuriyar Nijar kuma akwai gicciyen Agadas, wanda maƙeran Abzinawa suke zubawa da azurfa. Akan ƙidaya iri 21, da yawansu da sunan gari ake kiransu, kamar Agadas, da Ingal, da Tawa, da Damagaram. Masu sa shi Musulmi ne, ado ne a wurinsu da alamar asali.

Mutanen ƙasar Hausa ma ba baƙin igiya ba ne. Akwai masu tufka da rama da kaba, akwai dukawa masu yin hamila da tuntu da igiyar laya, ga kuma masunta masu saƙa taru. Duk wanda hannunsa ya saba da ɗaya daga cikin waɗannan ba zai sha wuya wajen koyon saƙar ƙulli ba.

Kayan Aiki

Ana bukatar zare mai kauri kamar na masu gyaran takalma, wato wajen milimita 1. In na auduga ne a goge shi da kakin zuma, don ya yi ƙarfi ya kuma riƙe ƙulli. Na nailan ma yana yi. Ana kuma bukatar ɗan allo na katako mai taushi, da ƙananan ƙusoshi, da almakashi, da ma'aunin tela, da gam, da duwatsun ado guda 2. A yanka zaren gida 6 kamar haka:

Domin sandar da ke kwance: inci 8 da inci 24.
Domin sandar da ke tsaye: inci 10 da inci 30.
Domin igiyar wuya: inci 30 da inci 10.

Kada a yi ƙwauro wajen awo. Zaren da ke yin ƙulli yakan cinye kamar ninki 5 na tsawon abin da aka ƙulla, in kuwa ya ƙare ana tsakiyar aiki, mahaɗin ba ya ɓoyuwa.

Shimfiɗaɗɗen Ƙulli

Wannan shi ne ƙullin da aikin duka ya dogara gare shi, saboda haka sai a karanta bayaninsa da zare a hannu. Sili 4 ake yinsa da su. Biyu na tsakiya ba su motsi, za a kira su 'yan ciki. Na hagu da na dama su ne ke yin aikin, za a kira su 'yan waje.

Mai ƙulli zai ɗauki silin hagu ya ɗora shi bisa 'yan ciki, ya bar 'yar ƙofa a hagu, sa'an nan ya cusa bakinsa ƙarƙashin silin dama. Sai ya ɗauki silin dama ya bi da shi ta bayan 'yan ciki, ya ɓullo da shi ta ƙofar nan ta hagu. Ya ja su biyun tare. Wannan rabin ƙulli ke nan.

Rabi na biyu daga dama ake somawa. Silin da ke dama yanzu ya hau bisa 'yan ciki, ya shiga ƙarƙashin na hagu. Na hagu ya bi ta baya, ya ɓullo ta ƙofar dama. A ja. To, ƙulli ɗaya ya cika.

Abin lura a nan shi ne, silin da ya bi ta gaba da fari, shi ne zai yi ta bi ta gaba har a gama, ko yana hagu ko yana dama. Saboda haka yana da kyau a ɗiga wa bakinsa tawada don kada ya ɓace wa mai koyo. In aka manta aka yi ta somawa daga gefe ɗaya, aikin zai murɗe kamar igiya. Wannan murɗaɗɗen ƙulli yana da amfaninsa wajen abin hannu, amma yana ɓata gicciye.

Yadda Ake Haɗa Gicciyen

1. A soma da sandar da ke kwance. A ninka zaren inci 8 biyu, a kafe wurin ninkin da ƙusa a allo, su ne 'yan ciki. A nemi tsakiyar zaren inci 24, a sa ta bayan 'yan ciki, su ne 'yan waje. A yi ƙulli 4.

2. A bar ɗan fili wanda faɗinsa ya yi daidai da faɗin ƙullin, sa'an nan a ƙara ƙulli 4. A ƙirga da baki, kada a dogara ga ido. A cire sandar a ajiye, ba tare da an yanke bakunan ba tukuna.

3. A ninka zaren inci 10 biyu, a kafe shi. A sa tsakiyar zaren inci 30 ta bayansa, amma a sauko da ita kamar rubu'in inci daga wurin ninkin, domin a sami ɗan zobe a sama inda igiyar wuya za ta shiga. A yi ƙulli 4. Kan gicciye ke nan.

4. A ɗauko sandar farko a kwantar da ita. A zura 'yan cikin sandar tsaye su biyu ta filin nan da aka bari, tsakanin 'yan cikin sandar kwance. A tura ta sama har ta matse ga ƙulli na 4.

5. Ɗan waje na hagu ya sauko ta gaban sandar kwance, na dama ya sauko ta bayanta. A yi ƙulli ƙarƙashinta, a ja shi tam. Wannan ƙulli shi ke riƙe gicciyen duka, in ya yi sako-sako hannuwan za su riƙa karkacewa.

6. A ci gaba har ƙullin ƙafa ya kai 8. Ƙa'idar ita ce kai da hannuwa su zama daidai, ƙafa kuwa ta ninka su. Tsayin gicciyen zai yi wajen inci 2.

7. A yanke bakunan zare duka, a bar ɗan kaɗan. In auduga ce a ɗiga gam a bari ya bushe. In nailan ne a taɓa bakin da ƙarfe mai zafi, ya narke ya manne. Wannan aikin babba ne, kada a bar wa yara, domin narkakken nailan yana manne wa fata ya ƙona ta.

8. A zura igiyar wuya cikin zoben. A haɗa bakunanta biyu su wuce juna, ɗaya ya nufi hagu ɗaya dama, su zama 'yan ciki. A yi musu ƙulli 5 da zaren inci 10 da ya rage, a yanke, a like bakin 'yan waje kaɗai. A sa dutsen ado a kowane bakin igiyar a ƙulle. Da haka mai shi zai iya faɗaɗa ta ko ya tsuke ta yadda ya so.

Kada a rataya wa jariri ko ƙaramin yaro irin wannan igiya. Ba ta tsinkewa da sauƙi, in ta maƙale a wani abu tana iya shaƙe shi.

Kurakuran Masu Koyo

Guda 3 ne suka fi yawa. Na fari, jan zare da ƙarfi a wani ƙulli da sassautawa a wani, har sandar ta yi ciki a wani wuri ta rame a wani. Na biyu, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo saboda rashin ƙirga. Na uku, yanke zare kafin a duba aikin gaba da baya. Kuskuren ƙulli ana iya kwance shi da bakin allura, amma abin da almakashi ya yanke ya yanku. Mai koyo kada ya ji haushin tufka da warwara a kwanakin farko, sannu ba ta hana zuwa.

Lissafin Malamin Hakimi

In aka tara awon da ke sama, gicciye ɗaya da igiyarsa suna cin inci 112, wato yadi 3 da inci 4. Ƙunshin zare mai yadi 100 yana da inci 3,600, saboda haka zai fid da 32. In aka cire abin da masu koyo za su ɓata, sai a ƙirga 30. Malami zai raba kuɗin ƙunshin gida 30, ya ƙara kuɗin duwatsu da gam, ya ga abin da kowane ɗaya ya ci. Sa'an nan a ɗora ladan aiki. Masu sana'ar hannu da yawa suna hasara ne don ba su sa kuɗin lokacinsu cikin lissafi, dillali kuwa ba zai tuna musu ba. Ya kamata malami ya buɗe littafi, ya rubuta sunan kowane mai koyo, da zaren da ya karɓa, da abin da ya kawo, da abin da aka sayar.

Kasuwa da Zaman Lafiya

Masu sayen gicciye Kirista ne. Ana samunsu da yawa a Filato, da Kudancin Kaduna, da Sabon Garin Kano da na Zariya, da Wusasa, inda mishan ta koma daga cikin birnin Zariya a 1929. Cinikin ya fi kyau gab da Kirsimeti, ran 25 ga Disamba, da kuma Ista, wadda ke faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Duka biyu da rani suke zuwa, lokacin da aikin gona ya ƙare, samari suna shirin tafiya cin rani. Wanda ya soma ƙulli da kaka zai riski kasuwar duka biyu yana zaune a gidansu.

Akwai abin da lalle ne hakimi ya kiyaye. Gicciye alamar addini ce mai girma ga masu ita, Musulmi da yawa kuwa ba za su so su ƙulla shi ba. Kada a tilasta wa kowa ya yi, kada kuma a bar kowa ya yi wa mai yi ba'a. Wanda ya yi shakka sai ya tambayi malaminsa. Ba a rufe masa ƙofar sana'a ba, domin shimfiɗaɗɗen ƙullin nan shi ne ake yin igiyar laya da shi, da mariƙin makulli, da abin hannu, da hannun jaka, da adon linzami. Wurin koyo ɗaya ya isa kowa, kowa ya ƙulla abin da ya dace da shi. Hakimi uban ƙasa ne, talakawansa duka nasa ne.

Abin da Ake Roƙon Hakimai

Ana roƙon kowane hakimi ya sa dagatai su nemo mutum 2 ko 3 masu hannu, maza da mata, waɗanda suka saba da tufka ko dukanci. Malami ya karanta musu wannan darasi, su gwada a gabansa har su iya, gani ya kori ji. Su kuma sai su koya wa waɗansu, matan kulle a koya musu cikin gida ta hannun mace 'yar'uwarsu. A kula musamman da guragu da tsofaffi, domin aikin zaune ne. Kada a kai kome kasuwa sai an duba shi, gama kaya marasa kyau na farko su ke ɓata sunan gari, sunan da ya ɓaci kuwa yana da wuyar gyara.

Allah ya sa albarka cikin sana'a, ya ƙara zaman lafiya a ƙasa, amin.