Gashi da Kumburin Hannu Bayan Tiyatar Sankarar Mama: Darasi ga Ɗalibin Fassara

Da yawa daga cikinmu za mu tsinci kanmu muna tafinta tsakanin likita da majiyyaci, ko muna fassara shirin lafiya a rediyo. Wannan maƙala za ta duba wani zaɓi mai wuya da ke gaban matar da aka yi wa tiyatar sankarar mama, da kalmomin da za a bayyana mata shi.

A hammatar mutum akwai ƙananan ƙulluttai, waɗanda idan sun kumbura Bahaushe ke kira kaluluwa. Ta nan ruwan jiki da ke fitowa daga hannu da mama yake bi ya koma cikin jini, kuma nan sankarar mama ta fi fara yaɗuwa. Shi ya sa likita kan cire wasu daga cikinsu. Idan an cire da yawa, hanyar ruwan na iya toshewa, hannu ya kumbura ya yi nauyi, wani lokaci bayan watanni ko shekaru. Kusan mace 1 cikin 5 da aka kwashe wa kaluluwar hammata tana samun wannan kumburi. Idan ’yan kaɗan na farko kawai aka cire don gwaji, adadin bai fi 6 cikin 100 ba.

Bayan tiyata akan yi “gashi”, wato haska wurin da haske mai ƙarfi na na’ura don kashe ragowar ƙwayoyin cutar. Wani babban nazari na 2011 ya nuna cewa ga waɗanda aka cire wa ƙullutun kawai aka bar maman, gashi ya rage dawowar cutar cikin shekara 10 daga kashi 35 zuwa 19 cikin ɗari. Amma shi ma yana barin tabo a hanyoyin ruwan, don haka wadda aka kwashe wa kaluluwa sannan aka gasa hammatar ita ta fi shiga haɗarin kumburi. Gwajin AMAROS na Turai, wanda aka buga sakamakonsa a 2014, ya kwatanta hanyoyin biyu: bayan shekara 5, kumburi ya kama kashi 23 na waɗanda aka kwashe wa kaluluwa, da kashi 11 na waɗanda aka gasa wa hammata a maimakon haka, kuma dawowar cutar a hammata ta yi ƙaranci a ɓangarorin biyu. Sai dai mata masu ƙaramin ƙullutu aka gwada. A Nijeriya yawanci sai ciwo ya yi nisa ake zuwa asibiti, inda sau da yawa dole a haɗa duka biyun.

Yanzu ga namu aikin. A rubutun boko “gashi” na kai da “gashi” na wuta kamanninsu ɗaya, tsawon wasali ne ya raba su. Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce abin da kunne ke ji: mace ta ji za a “gasa” ta, sai ta tuna tsire. A ganina kalmar ta riga ta zauna, ba sai mun ƙirƙiro wata ba, amma wajibi ne tafinta ya ƙara da cewa ba wuta ba ce, ba a jin zafi lokacin haskawar, ko da yake fatar wurin kan yi duhu ko ta saɓule daga baya.

Haka kuma kada a kira kumburin nan “tundurmi”. Sun yi kama, domin duka toshewar hanyar ruwa ce, amma tundurmi yawanci tsutsar da sauro ke yaɗawa ce ke kawo shi. A ce “kumburin hannu bayan tiyata”, a kuma faɗa mata cewa safar matse hannu, motsa jiki da tsabtace fata suna rage shi idan an fara da wuri, alhali sankarar da ta dawo tana iya tafiya da rai.