Darasi ga Ƙungiyoyin Mawaƙa: Kan Jita da Dalilin Kwancewar Saiti

Gabatarwa

Jitar lantarki ta samu wurin zama a cikin kayan sujada na ikilisiyoyi masu yawa, kusa da ganguna da piyano. Sai dai akwai damuwa guda da ta zama ruwan dare. Makaɗi yakan saita jitarsa kafin addu'ar buɗewa, amma kafin a kai waƙa ta uku muryarta ta karkace, mawaƙa su rikice, jama'a su rasa inda za su kama. Sau da yawa akan ɗora wa makaɗi laifi, ko kuwa a ɗebi kuɗin baiko a sayo sabuwar jita, matsalar kuma tana nan inda take.

Manzo Bulus ya yi misali da kayan kiɗa a 1 Korintiyawa 14:7, inda ya nuna cewa sautin da bai fita sarai ba, ba ya isar da saƙo ga mai ji. Manufar wannan darasi ita ce makaɗa da dattawan da ke riƙe da dukiyar ikilisiya su gane cewa yawancin kwancewar saiti daga kan jita yake farawa.

Hanyar da tsirkiya take bi

Kowace tsirkiya tana tasowa daga gadar da ke jikin jita, ta bi tsawon wuya, ta haye wani ɗan ƙashi ko roba mai tsaga shida, sa'an nan ta naɗe a jikin mamurɗi. Makaɗa suna kiran wannan ɗan ƙashi noti, ko da yake ba shi da dangantaka da notin makanike. Faffaɗan katakon da ke ɗauke da mamurɗai shida shi ne kan jita.

Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 40. Dole ne kowace tsirkiya ta ɗan lanƙwasa ƙasa bayan ta haye noti, domin ta zauna daram a cikin tsagarta. In lanƙwasar ta yi kaɗan, tsirkiya takan yi zuza ko ta fice daga tsaga. In ta yi yawa, tsirkiya takan danne noti da ƙarfi har ta riƙa maƙalewa. Tsirkiyar da aka ja da nauyin kilo 7, in ta lanƙwasa da digiri 17, tana danna noti da kusan kilo 2.

Ga yadda maƙalewa take ɓata saiti. Makaɗi yana murɗawa, tsirkiya ta cije a tsaga, sai ɓangaren da ke bayan noti ya fi na gaba tauri. Can cikin waƙa sai ta suɓuce, a ji ɗan ƙara "ƙit", sauti ya haura. Haka nan in ya ja tsirkiya gefe da yatsa don ƙawata kiɗa, takan zamo ta gaba ta kasa komawa, sauti ya sauka.

Manyan siffofi biyu

Siffa ta farko ita ce ta kamfanin Fender na Amurka, wanda ya fito da Stratocaster a 1954. Kanta a miƙe yake da wuya, an ɗan saukar da shi ƙasa kawai, mamurɗai shida kuma suna jere a gefe guda. Kowace tsirkiya tana wucewa kai tsaye daga tsaga zuwa mamurɗinta ba tare da karkata dama ko hagu ba, don haka gogayya ba ta da yawa. Rauninta shi ne, sirara biyu na ƙarshe suna da nisa da noti, lanƙwasarsu ba ta isa ba. Shi ya sa ake kafa wani ɗan ƙarfe da ke danne su. Wannan madanni ma wurin gogayya ne, musamman in ya yi tsatsa.

Siffa ta biyu ita ce ta kamfanin Gibson, mai jitar Les Paul da ta fito a 1952. An kwantar da kanta baya da digiri 17, mamurɗai uku a dama, uku a hagu. Tsirkiyoyi suna zama sosai a tsaga ba tare da madanni ba. Amma biyu na tsakiya, wato D da G, suna lanƙwasa ƙasa kuma suna karkata gefe a lokaci ɗaya, sai su riƙa gogar bangon tsaga. Wannan ne ya sa tsirkiyar G ta yi suna wajen kwancewa a irin wannan jita.

Akwai kuma haɗari. Ana sassaƙa wuya da kai daga katakon mahogani guda, dangin maɗaci, kuma daidai inda kan ya kwanta an fafe rami domin sandar ƙarfen da ke daidaita wuya. Wurin ya zama siriri, jijiyar katako kuma gajera ce. Faɗuwa ɗaya ta baya tana iya karya shi. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin ya rage kusurwar zuwa digiri 14, daga baya ya koma 17.

Wasu maƙera sun bi hanyar tsakiya. Kamfanin PRS, wanda aka kafa a 1985, ya riƙe tsarin uku da uku, amma ya tsuke kan kuma ya rage kusurwarsa, har tsirkiyoyi suka kusa miƙewa. Yawancin jitocin da ake samu a kasuwa kwaikwayon waɗannan siffofi ne, kuma a masu araha noti ne aka fi yi wa aikin gaggawa.

Abin da ya kamata a yi

1. Kafin a sayi jita, a dube ta daga gaba a ga ko tsirkiyoyi sun miƙe bayan noti. A murɗa kowane mamurɗi a hankali, a saurari ƙarar maƙalewa.
2. In an canza tsirkiyoyi zuwa masu kauri, a kai wa gwani ya buɗe tsagogi daidai da kaurinsu. Kada a yi aikin da reza.
3. A goga bakin fensir a cikin kowace tsaga duk lokacin da aka canza tsirkiya. Baƙin fensir yana sa santsi.
4. A naɗe tsirkiya zagaye biyu ko uku, kowane a ƙarƙashin na baya, ba tare da sun hau juna ba.
5. A ɗan ja sabuwar tsirkiya da hannu, a sake saitawa har ta daina sauka.
6. Kullum a hauro zuwa sautin da ake nema daga ƙasa. In an zarce, a sassauta a sake haurowa.
7. Kada a jingina jita da bango ko benci. A ajiye ta a akwatinta, nesa da rana, musamman lokacin hunturu da katako ke bushewa.

Kammalawa

Zabura 33:3 tana kira ga makaɗa su yi aikinsu da gwaninta, sanin kayan aiki kuwa yana cikin gwaninta. Kuɗin gyaran noti bai kai na sabuwar jita ko kusa ba. Ikilisiyar da ta koya wa matasanta waɗannan abubuwa ta tsare baikon jama'a, ta kuma kawar da abin da ke ɗauke hankalin masu sujada daga Ubangiji.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace siffar kai ce jitar ikilisiya take da ita, kuma wace tsirkiya ce ta fi kwancewa?
2. Wane ne aka danƙa wa kula da kayan kiɗa bayan an tashi sujada?
3. Wane bincike ya kamata kwamiti ya yi kafin ya amince da sayen sabuwar jita?